Dutsen da ke kiɗa a hanyar Mokolo

Jama'a sallama. Satin da ya wuce na raka kawuna ta'aziyya wani ƙauye bayan Mokolo a arewacin Kamaru, motonmu ta lalace a hanya, muka zauna gindin duwatsu muna jiran makanike daga Marwa. Sai ga wani yaro mai kiwon awaki ya ɗauki ɗan dutse kamar ƙwan kaza, ya buga ma wani falalen dutse, wallahi sai na ji ƙaunnn kamar an bugi ƙarfe! Ya matsa gefe ya sake bugawa, amon ya canja. Na tashi na shafa wurin, duk ramuka ne ƙanana sumul, hannun mutane ne ya cinye su tun kaka da kakanni. Na leƙa ƙasan, ashe falalen a ɗage yake, iska na wucewa, shi ya sa yake amsawa, wanda ya manne da ƙasa kam ko ka kwana kana duka shiru.

Kawu ya ce min, kai ɗan nan sai yau ka sani? Da shi ake kiran mutane a da.

Da na dawo gida na shiga bincike a waya har caji ya ƙare. Ashe a Birnin Kudu can Jigawa akwai irinsu kusa da zanen duwatsun nan na da, wani Bature Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a 1956. A Biyetnam an tono falalen duwatsu 11 na kiɗa a 1949, aka kwashe su zuwa Faris. A Ingila kuma wani magini Joseph Richardson ya share shekara 13 yana tsinto duwatsun dutsen Skiddaw yana sassaƙa su har ya gama a 1840, shi da 'ya'yansa suka yi ma Sarauniya Biktoriya kiɗa da su, yanzu suna ajiye a gidan tarihi na Keswick ana lallaɓa su kamar ƙwai.

Namu kuwa na nan a rana. Abin da ya tsaya min a rai ke nan, don taku kaɗan daga wurin mata ne zaune da guduma suna fasa tsakuwa, kamiyo, wato babbar mota, na jiran lodi, kuma ban ga laifinsu ba, abinci suke nema. Amma ba wanda ya sa ma dutsen nan alama. Na ɗauki sautinsa a waya, bayan sallah in sha Allah zan koma in nemi mai unguwar wurin mu yi magana.