Telen kicin

Asabar, da dare.

Yau dai Allah ya yi, telen nan ta hau bango. Wata uku ke nan tana jingine a bayan kabad, tun da ƙanina ya sayi babba ya sauke mini ita, ni kuma kullum sai dai in ce Asabar mai zuwa. Inci 24 ce, ba ta da wayon komai, amma tana da ramin HDMI, inda ake soka wayar hoto da murya, iyakar abin da nake nema ke nan. Na haɗa ta da ɗan akwatin Android ɗin da muka ajiye tun bara.

Rumbu, wato ma'ajiyar finafinanmu, yana nan a ƙarƙashin teburin falo: tsohuwar kwamfutar nan mai fasasshen gilashi, da faifan ajiya mai tera 2 a gefenta, Jellyfin a ciki, manhajar da ke jera finafinan tana aika su zuwa tele. Masu tambayata me ya hana ni komawa Plex, wata manhajar mai irin wannan aikin, amsata tana nan yadda take. Jellyfin kyauta ne, kuma ba sai da intanet yake buɗe mini ƙofar kayana ba. Fim ya taso daga falo ya sauka a kicin, duk a cikin gida, ko mega ɗaya ba a ci ba. Wanda ya san yadda rezo ke yi mana a unguwar nan ya san darajar wannan.

Na ɗauka Wi-Fi zai kai. Ina! Katangar ɗakin Inna ta ƙasa ce, ginin da, kaurinta ya fi kamu guda, ga kuma tsakar gida a tsakani. Wi-Fi ɗin layi biyu gare shi: na 5 GHz ko ƙamshinsa babu a kicin. Na 2.4 ya fi iya ratsa bango, to shi ma sanda ɗaya ya kawo, fim ya yi minti biyu ya tsaya yana juya ɗan zoben nan mai sa hawan jini. Dole na hau kabu-kabu zuwa kasuwar Dole, na sayo wayar rezo mita 30, mai shagon ya matse mini kawunanta biyu a nan take. Irin wayar nan har mita 100 tana kaiwa ba ta gaji ba, saboda haka nisa ba shi ne abin ji ba. Abin ji shi ne bi da ita: ta saman ƙofar falo, ta ƙarƙashin indararo, ta bayan randuna, a ranar Afrilu ta Damagaram, wajen sha ɗaya. Auta ne mai riƙe tsani da ƙusoshi. Rabin ƙusoshin a aljihunsa suka kwana.

Ban yarda in ɗaura telen kusa da gaz ba. Tururi da maiƙo su ne ajalin tele, balle ga rufin kwano yana toya ta ta sama. Na zaɓi bangon da ke kallon ƙofa, saman kantar kwanoni, inda matata, Maman Nana, za ta gani ko tana tsaye ko tana kan kujera ƴar tsuguno tana tuƙi. Huda huɗu, na ɗaure, na ja da baya ina kallo kamar wanda ya gama ginin bene.

Ana azahar aka ɗauke kuran. Da ya dawo, akwatin ya ce bai ga rumbu ba. Na yi ta lalube kusan rabin awa kafin in tuna cewa duk sa'ad da akwatin Wi-Fi ya mutu ya farfaɗo yana iya sake raba lambobi, kwamfutar ta tashi da sabon adireshi. Na kafe mata lamba ɗaya, 192.168.1.50, na rubuta a ƴar takarda haɗe da 8096, lambar ƙofar shiga Jellyfin, na manna a bayan telen. Ya buɗe. Ga finafinan Kano, ga fassarar Indiya, ga tafsiri, ga katun ɗin yara, kowane da hotonsa a jere.

To, ba wannan ne ya hana ni barci ba.

Bayan la'asar na kira Maman Nana in nuna mata. Ta goge hannu a gefen zani, ta karɓi rimot, kafin ta danna komai sai da ta nemo farar leda ta naɗe shi ta ƙulle bakin. Wannan dabarar ko kaɗan ba ta zo mini ba. Na koya mata shiga da fita, na nuna mata cewa in ta tsayar da fim a nan, ko gobe ta dawo daga wurin zai ci gaba. Ta gwada sau biyu ta iya.

Ta ce, "Sannu da aiki, Baban Nana. Allah ya saka da alheri."

Na ce amin, har na fara tattara kayan aiki, kaina ya yi girma. Sai ta ƙara, idonta yana kan allon:

"To, kowa ya samu ɗakinsa ke nan."

Na ce, "Kamar yaya?"

"Kai da falo, ni da nan. Ka huta, ba mai zuwa ta hana ka kallon ƙwallo."

Da dariya ta faɗa. Ni ma na yi dariya, amma tawa a maƙogwaro ta tsaya. Na ce, "Wasa kike ko?" Ta ce, "Matsa mini, albasata za ta ƙone."

Shi ke nan fa maganar. Ba faɗa, ba ɗaure fuska. Amma tun ɗazu nake juya ta kamar waina. Ni a sanina, ita ce ta yi ta ƙorafi cewa kullum aka kai wurin daɗi a fim sai ta tashi duba tukunya. Da kunnena na ji, ba sau ɗaya ba. Na ɗauki maganar a matsayin matsalar da ke neman gyara, irin wadda waya mita 30 ke magancewa, na kuwa magance ta tas. Abin da ban lissafa ba shi ne yadda abin yake faruwa a da. Ta shigo falo da tire cike da zogale ko shinkafar tsinta, ta zauna a ƙasa ta jingina da kujerata, ta ce in miƙo rimot. In ce saura minti goma a tashi wasan. Ta ce minti goman ƙwallo ai awa ce. In miƙa. Can sai ta zabura, ta ruga kicin, ta dawo tana haki tana tambaya, "Me ya faru? Ya sake ta?" Ni kuma in ba ta labari, in ƙara gishiri, wani lokaci in shirga ƙarya in ce kishiyar ta mutu, ta jefe ni da reshen zogale. Akwai maɓallin tsayarwa a rimot ɗin falo, tun fil azal. Ba ta taɓa cewa in danna ba, ni ma ban taɓa dannawa ba. Sai yau na lura da haka.

Bayan magariba yara duk suka kwashe suka koma kicin, har da Nana da ba ta shiga wurin sai an kira ta sau uku. Ina jiyo su daga nesa, dariya, ƙarar muciya, wani yana cewa a ƙara murya. Ni kaɗai a falo, ga ƙwallo, ga rimot a hannuna ba mai nema. Wasan ma ban san nawa aka tashi ba.

Ga abin kunyar da na yi. Jellyfin yana da shafin mai gida, inda kake ganin wace na'ura ke kallon me, da inda aka kai. Na buɗe a wayata. Ga shi nan an rubuta "Kicin", ni da hannuna na raɗa masa sunan da rana ina murna. Na zauna ina kallon ɗan layin yana tafiya a hankali. A minti na 41 ya tsaya. Na gyara zama, na matsar da ƙafata daga wurin da take jingina, har na rage muryar tele. Minti biyar, shida. Ashe tuwo take kwashewa. Layin ya ci gaba da tafiya.

Mutum da matarsa a gida ɗaya, taku ashirin tsakani, yana leƙenta ta waya. Na kashe na ajiye.

Ko kuwa ni ne na cika fassara? Mai yiwuwa daɗi ta ji har ranta, maganar kuma tsokana ce irin tata. Shekara nawa tana tsaye a zafin nan ita kaɗai, daga ita sai rediyo mai shaƙewa, ni ina ƙarƙashin fanka. In ta samu abin da zai ɗebe mata kewa, me nawa na yin tsuru-tsuru? Wataƙila ma abin da ke cina shi ne ba a neme ni ba, kawai.

Inna ta leƙa bayan isha'i, ta daɗe tana duban bangon, ta ce, "Oh ni, zamani. Har tukunya ta samu abin kallo." Sannan ta tambaya ko akwai tafsiri a ciki. Gobe da hantsi an riga an kama wuri.

Mai ga-ruwa bai zo ba sai yamma liƙis. Alkakin da na sayo a hanya an cinye ban ɗanɗana ba.

Wasu finafinan na H.265 ne, sabon tsarin matse bidiyo, akwatin Android ɗin ya tsufa ba ya iya karanta su, sai kwamfutar ta riƙa juya su zuwa H.264, tsohon tsarin da ya sani, ana cikin kallo, fankarta na kuka kamar za ta tashi sama. A zafin nan ba za ta jure ba. Na jera guda shida a HandBrake, manhajar juya bidiyo, su juyu cikin dare, in kuran ya bari.

Gobe: ƙusoshin kama waya, akwai inda ta yi lilo a bayan randuna. Tela ya ɗinka wa telen riga saboda ƙura. Maman Nana ta yi barci tun ɗazu, ban sake tambayarta ba.