Lissafin mai kisa na kwafo

A ajinmu na uku a sashen tarihi, Malam ya ce kowa ya zaɓi gari guda da Yaƙin Duniya na Biyu ya shafa ya rubuta tarihinsa. Ni na faɗa kan Eishishok, wani ɗan ƙaramin gari a kudancin Lituwaniya wanda kafin yaƙin yawancin mutanensa Yahudawa ne.

Cikin kwana biyu na ɗauka na gama, don na samu rahoton Karl Jäger, jami'in 'yan Nazi da ya shugabanci rundunar kisa a ƙasar. Ya rubuta shi ranar 1 ga Disamba 1941, yana lissafa mutanen da aka kashe gari bayan gari, kamar littafin ɗan tireda. Layin Eishishok ga shi: maza 989, mata 1,636, yara 821, jimla 3,446. Da wannan na buɗe rubutuna, da shi na rufe, ina ganin na burge.

Malam ya karanta a gabana, ya cire tabarau. "Kai, ai lissafin mai kisa ka kwafo mini. Su waye mutanen?"

Na ce, "Malam, ai alƙaluman gaskiya ne."

"Ban ce ƙarya ba ne. Koma."

Na fita da haushi, amma na koma. Sai na ga ko ranar da Jäger ya sa, 27 ga Satumba, ta saɓa da ta waɗanda suka tsira. Su sun ce a lokacin bikin sabuwar shekararsu aka kulle mutane a wuraren ibada, aka kora su kasuwar dawakai. Ranar 25 aka harbe maza a tsohuwar maƙabartar Yahudawa, washegari mata da yara kusa da ta Kiristoci, kuma da hannun wasu 'yan Lituwaniya aka yi. Duk wannan babu shi a layin Eishishok na rahoton. Shi jimla kawai yake so ta fita daidai.

Wadda ta gyara mini tunani ita ce Yaffa Eliach. Tana ƙaramar yarinya ta tsira, ta girma ta zama masaniyar tarihi, ta shafe shekaru tana bin dangin mutanen garin ƙasa-ƙasa tana roƙon tsofaffin hotuna. Kakanninta ne ma masu ɗaukar hoto na garin. Yau hotuna wajen dubu na manne a wata hasumiya mai hawa uku a gidan tarihin Holokos (kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa) na Washinton. Babu gawa ko ɗaya a ciki. Ango da amarya, 'yan makaranta, tsofaffi masu gemu, 'yan mata sun ci ado. Na daɗe ina kallonsu a kwamfuta, har na fara tunanin wane ne cikinsu ya shiga 821 ɗin nan.

Na sake rubutun daga kasuwar garin da ke ci ranar Alhamis, alƙaluman Jäger suka koma shafin ƙarshe. Malam ya karɓa, ya cire mini maki biyar na latti.