Zuwa Daura duba Kawu

Da hantsi muka bar Katsina a motar haya, ni da ƙanwata, ma'aikaciyar jinya. Kwana uku ke nan da Kawu ya faɗi bayan sallar asuba, hannun dama ya saki, baki ya karkace.

Ba mu kai Mashi ba na tambaye ta abin da ke cina: me ya sa shanyewar ɓarin jiki ta fi kama mutane da safe? Ta ce, "Yaya, jiki yana da agogonsa." Daga asuba zuwa tsakar rana jini yana hawa, zuciya na ƙara sauri, jinin kuma ya fi saurin daskarewa, shi ya sa jijiyar ƙwaƙwalwa ta fi toshewa a lokacin. A 2017 Amurkawa uku suka samu kyautar Nobel kan gano yadda agogon nan ke aiki cikin ƙwayoyin halitta. Nan na tuna shekarun da Kawu ya yi yana gadin dare, ya ci tuwo ƙarfe biyu, ya yi barci da rana, ga ciwon suga.

Sugan ne ya fi tayar mata da hankali. Ƙwaƙwalwa kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na kuzarinsa, kuma ba ta da rumbu. Jini na yankewa take fara mutuwa cikin mintuna, suga mai yawa kuma yana faɗaɗa ɓarnar.

Mun wuce rijiyar Kusugu ba mu tsaya ba. Mun tarar da shi a zaure, Inna na ba shi koko da cokali, rabi na zubowa ta gefen baki. Na ce, "Kawu, ya jiki?" Ya damƙe yatsuna da hannun hagu, bai iya amsawa ba.

Abin da ya fi min zafi, sai bayan la'asar aka kai shi asibiti, ana ta shafa masa mai ana jiran ya warware. Allurar narkar da gudan jini cikin awa huɗu da rabi take amfani. Ƙanwata ta gwada jininsa, ta rubuta lokutan shan magani a jikin bango da gawayi, inda Inna za ta gani. Ni na koma Katsina kafin magariba, ita ta kwana.