Lamba 44 ce ta cinye mini kuɗin jaket

Ƙirjina inci 42 ne, kuma kafin in yi odar jaket ɗin sai da na sake zagaya tef na tabbatar. A shafin kayan an rubuta ƙirji 44, a saman jadawalin kuma an ce duk awon da inci ne. Inci biyu na sarari ya ishe ni, sai na biya.

Da kayan ya iso, kafaɗa ɗaya ma da ƙyar ta shiga. Na shimfiɗa shi a kan tebur, na zuge zif, na ɗora tef daga hammata zuwa hammata. Gefen inci ya nuna 17 da 'yan kai. Na juya tef ɗin zuwa gefen santimita, sai ga 44 cif. Nan take na gane abin da aka yi mini. Mai kayan ya kwantar da riga ya auna faɗinta da santimita, ya rubuta 44, ya ajiye lambar a ƙarƙashin kalmar inci. Ni ina jiran rigar da kewayenta ya kusa santimita 112, shi ya aiko mini da mai santimita 88. Tazarar ta kusa santimita 24. Babu telan da zai iya buɗa riga haka, don yadin ba ya nan.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne amsarsa. Cewa ya yi lambar daidai take, 44 ya rubuta kuma 44 ya aiko. Na tura masa hoton shafinsa da kalmar inci ɓaro-ɓaro, ya ce ai manhajar ce take sa wannan da kanta gwargwadon zaɓin mai saye, shi lamba kawai yake shigarwa. Wato maɓallin da na danna na zaɓi inci sunan ma'auni kaɗai ya canza, lambobin suna nan yadda suke. Ya yarda in mayar, amma kuɗin aikawa a wuyana, kuma da na lissafa ya kusa kama kuɗin rigar. Ƙanena na ba.

Sai daga baya na tsaya na duba yadda lamba ɗaya take ɗaukar ma'ana uku a harkar kayan maza. A Amurka da Birtaniya, kwat mai lamba 44 na mai ƙirji inci 44 ne, babban mutum ke nan. A Italiya da Jamus, lambar kwat rabin kewayen ƙirji ce da santimita, saboda haka 44 ɗinsu na mai ƙirji santimita 88 ne, wanda a Amurka za a kira 34. Shi ya sa ake ƙara goma: 40 na Amurka shi ne 50 na Turai. Ga kuma ta uku, wadda ta cije ni, santimita 44 a kwance. Biyu daga cikin ukun rigar siririn saurayi za su kawo maka.

Inda haɗarin yake shi ne tsakanin 42 da 56 ko makamancin haka. In ka ga ƙirji 104, ba sai an faɗa maka ba, santimita ne na kewaye. In ka ga 21, inci ne a kwance. Amma 46, 48, 52? Duk suna iya zama kewaye da inci, suna kuma iya zama faɗi da santimita, kuma kowanne ya yi kama da awon baligi. Lambar ƙirji ita kaɗai ba za ta raba maka gardama ba, sai ka nemo maƙwabtanta. A shafin jaket ɗina, tsawo da hannu ba sa cikin jadawalin, an cusa su cikin hoto na ƙarshe bayan hotunan ado: tsawo 62, hannu 58. Inci 62 ya haura santimita 157, jaket ke nan har idon sawu. Hannu inci 58 kuwa ya kusa mita ɗaya da rabi. Da lambobin nan suna jere da 44 ɗin, ko yaro ya ga cewa santimita ne. Yanzu tsawon hannu nake fara nema kafin komai, domin hannun rigar babba in ya faɗo wajen 23 zuwa 26 inci ne, in ya faɗo wajen 58 zuwa 66 santimita ne, ba sa haɗuwa a tsakiya.

Lissafin kansa ba wuya. Tun 1959, lokacin da Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostareliya, New Zealand da Afirka ta Kudu suka daidaita yadi a kan mita 0.9144, inci ɗaya santimita 2.54 ne, ba ƙari ba ragi. Masu sayarwa da yawa da 2.5 suke ninkawa don sauƙi. A wuyan riga mai inci 16 bambancin bai kai santimita ɗaya ba, amma a ƙirji mai inci 44 ya kusa biyu, 110 maimakon 111.8. Sai ka ɗora ɗan rubutun nan da suke sawa a ƙasan jadawali, wai a yi haƙuri da kuskuren santimita 1 zuwa 3 saboda da hannu aka auna. Mutane ba sa lura cewa in awon a kwance aka yi, kuskuren ninkuwa yake: santimita biyu a faɗi huɗu ne a jiki. A babbar riga mai yalwa wannan ba komai ba ne. A wando ko kwat, shi ne tsakanin maɓalli ya rufu ko ya ƙi.

Wandon jins nasa rikicin daban ne. W32 L32 (W ɗin awon ƙugu ne) inci ne ko'ina, har a ƙasashen da ba sa auna komai da inci. Amma L ɗin tsawon ƙafa ne ta ciki, daga mahaɗar cinyoyi zuwa ƙasa, kimanin santimita 81. Jadawalin santimita kuwa sau da yawa tsawon waje yake bayarwa, daga ƙugu zuwa ƙasa, wanda kan haura ɗari. Wanda ya juya 104 zuwa inci ya sami kusan 41 sai ya ɗauka wandon ya yi masa tsawo, alhali ba wuri ɗaya aka auna ba. Shi ma W ɗin ba alkawari ba ne, don wanduna masu 32 da yawa in ka sa musu tef sun fi 32.

Tsarin da ya fi kwanta mini shi ne na Sin, irin 175/96A: tsayin mutum santimita 175, ƙirjinsa 96, A ɗin kuma na matsakaicin jiki ne. Ya faɗi awon jikin mai sawa, kuma kullum da santimita ne ba tare da kwana-kwana ba. S, M da L kuwa na daina kallonsu kwata-kwata.

Hoton mai talla sanye da rigar ma ba ya taimakon kowa. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, gaskiya ne, sai dai sai an ba shi abin gwadawa, kuma ba ka san tsayin mutumin ba, ba ka san wane saiz aka sa masa ba. Abin da nake yi yanzu, na ɗauki jaket ɗin da ya fi zama mini daidai, na auna shi a kwance, na rubuta faɗin ƙirji, kafaɗa, hannu da tsawo, da inci da santimita duka, na ajiye a waya. Riga nake gwadawa da riga, ba da jikina ba. In shafi bai fayyace ma'auni ba, ko ya fayyace amma lambobin ba su jitu da juna ba, sai in nemi hoton rigar da tef a kanta daga hammata zuwa hammata. Wanda ya ƙi turowa, na wuce.

Shi ma tef ɗin sai an duba shi. Akwai waɗanda ake yi don kasuwar Sin, gefe ɗaya santimita, ɗaya gefen kuma ma'aunin gargajiyarsu da ake kira cun, mai santimita 3.33. Manyan lambobinsa sun yi kama da na inci ƙwarai, amma 30 a kansa mita ɗaya ne cur, alhali inci 30 santimita 76 ne. Gwajin ba ya cin minti ɗaya: in gefunan biyu daga kai ɗaya suka fara ƙirga, ka sa yatsa a kan 10 na gefen inci, ka juya tef. In ya faɗo a 25.4, inci ne. In ya faɗo wajen 33, kada ka auna ƙugunka da wannan gefen.