Zazzaɓin Rani da Zaton Maleriya

A Kaduna, daga Yuli zuwa Oktoba, idan uwa ta kawo yaro jikinsa zafi rau, wanda ya yi zaton maleriya yakan dace. Inda gizo ke saƙar shi ne hannu ya saba, sai a zarce da wannan zato har Fabrairu da Maris, bayan kududdufai sun ƙafe, sauro ya ja baya. Zazzaɓi da ciwon kai da kasala da amai duk suna nan, amma masu kawo su sun sauya: ciwon huhu, kyanda, taifot, da sanƙarau. Haka lamarin yake a duk inda maleriya ta yi ƙasa. Binciken ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin ƙasa da kashi 3 cikin ɗari na ƙananan yara a Legas, a Kebbi kuwa kashi 49. Zafin jiki ɗaya ne a wuraren biyu, amma abin da yake nunawa ya sha bamban.

Shi ya sa tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da magani. Aikin alamomi shi ne su nuna wa za a gwada. Wanda ma'aunin hammata ya nuna zafin digiri 37.5 ko fiye, ko ya yi zazzaɓi cikin kwana uku da suka wuce, a yi masa RDT, wato gwajin jini na gaggawa na maleriya. A kuma tambaye shi tafiya: ya je ƙauye? Ya kwana kusa da fadama ko gonar noman rani? Da rani, wannan tambaya ta fi ciwon kai amfani nesa ba kusa ba.

Gwajin kansa yana da sharuɗɗa. Jini ɗan kaɗan ne, kimanin maikrolita 5. In ya yi yawa sai ya rine tagar da ake karanta sakamako, layin ya ɓuya. A karanta a minti 15 zuwa 20 yadda takardar kwalin ta ce, domin bayan nan wani layi kan fito na ƙarya. In layin C, mai nuna gwajin ya yi aiki, bai fito ba, a jefar a sake. Kwalin da ya sha zafin Afrilu a ɗaki mai rufin kwano ba abin yarda ba ne. Sannan wanda ya sha magani ya warke, gwajin na iya ci gaba da nuna cutar har makonni.

Idan gwaji ya nuna babu, nan ne aikin yake, kuma nan aka fi sakaci. A ƙirga numfashin yaro minti guda cur: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, a nemi ciwon huhu. A lanƙwasa wuya don neman sanƙarau, a leƙa kunne da maƙogwaro. Uwa za ta ce, "Likita, ka dai ba shi na maleriyar." A yi mata bayani a hankali, in ba haka ba kemis za ta nufa ta saya.

Akwai kuma waɗanda alamomi ba sa kamawa sam. Manya da yawa na yawo garau da ƙwayar a jininsu, sauro na ɗiba yana rabawa. RDT kan gaza idan ƙwayoyin ba su kai 100 zuwa 200 a maikrolita ba, kuma inda cutar ta ragu, irin waɗannan ne suka fi yawa cikin masu ɗauke da ita. Sai gwajin PCR, na babban ɗakin gwaje-gwaje, ke ganinsu, shi kuwa ba a samunsa a asibitin unguwa.