Hawan Duwatsun Idanre: Santsi Ya Fi Tsawo Haɗari

Wanda ya saba hawan Kufena a Zariya ko Kwatarkwashi, in ya ga duwatsun Idanre zai ce ai gida ya zo. Dutsen iri ɗaya ne, giranit, wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini. Sai dai na Idanre a tsakiyar kurmi suke, a Jihar Ondo, inda ruwan sama ke jiƙa su kusan wata 7 a shekara. Nan ne baƙo daga Arewa yake yin kuskuren lissafi.

Daga Akure tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba a mota. Ana wuce Alade a shiga Odode, garin da ke gindin duwatsun, gonakin koko kewaye da shi. Mai tahowa ta Lokoja da Owo gara ya kwana a Akure ya yi sammako. Ana biyan kuɗin shiga, don haka a riƙe tsaba a aljihu, har da na ɗan jagora.

Hawan farko matakala ce ta siminti, taki sama da 650, da wuraren hutawa 5 a hanya. Tudun gaba ɗaya ya kai kimanin mita 900 daga saman teku, amma ba daga teku za ka fara ba, kada adadin ya tsorata ka. Abin da ke karya mutane a nan shi ne gaggawar farko. Matashi ya kwasa da gudu, taki bibbiyu, kafin hutu na biyu numfashi ya sarƙe, cinya ta ɗaure. Ma'aunin mai sauƙi ne: in ba ka iya yi wa na kusa da kai magana kana tafiya, ka yi sauri da yawa. A kowace rumfa a tsaya minti 3 zuwa 5, a kurɓi ruwa, a tashi kafin jiki ya yi sanyi. Dogon zama yana sa ƙafa nauyi.

Zufar kurmi ba irin ta Kano ba ce. A Arewa gumi na fita iska ta busar da shi, jiki ya huce. A nan iskar cike take da danshi, gumin sai ya tsaya a fata, riga ta jiƙe sharkaf amma zafin jiki bai sauka ba. Shi ya sa lita 2 ta ruwa ga mutum ɗaya ita ce mafi ƙaranci, ban da na alwala. A haɗa da fakiti ɗaya na gishiri da sukari irin na kemis, a narka shi a lita 1 cif. Dabino, gyaɗa da ayaba sun isa guzuri. Mai azumi kuwa ya ɗaga tafiyar zuwa bayan Salla.

A sama akwai tsohon gari, Oke Idanre, inda mutanen suka zauna ɗaruruwan shekaru kafin su fara saukowa a shekarun 1920. Fadar Owa, sarkinsu, tana nan da ginshiƙanta na itace sassaƙaƙƙu, ga tsohuwar kotu, ga kaburbura. Akwai wani sawu a jikin dutse da ake kira sawun Agboogun, da ruwan da suke kira Omi Apaara, wato ruwan tsawa. Tun 2007 wurin yake cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, don neman a sa su cikin kayan tarihin duniya. Wasu sassan wuraren bautarsu ne na gargajiya, musamman wajen ƙololuwar Orosun da ake yi wa biki duk shekara. Baƙo ba ya kutsa kai ko ɗaga waya sai jagora ya ce masa bismilla. In azahar ta riske ka a can, alƙibla gabas take, a karkata sosai wajen arewa.

Daga tsohon garin zuwa gaba matakala ta ƙare, sai fa tsirara. Busasshen giranit yana riƙe takalmi da kyau saboda kaushinsa. Amma ka lura da baƙaƙen layukan da suka gangaro a jikinsa kamar an zubo tawada: hanyoyin ruwa ne, gansakuka ce ta bushe a kansu. Raɓar asuba kaɗai ta isa ta mai da su kamar an kwara miyar kuɓewa. A taka inda dutsen ya yi fari ko toka-toka, in ya zama dole a tsallaka baƙin layi a yi shi da taki ɗaya, ba a tsaya a kai ba. Busassun ganyen da suka taru a kan fa su ma abin zargi ne, ƙarƙashinsu jiƙe yake.

Dutsen yana kuma ɓarewa falle-falle kamar albasa. Fallen da ka ƙwanƙwasa da dunduniya ka ji yana amsawa kamar ganga, ba a haɗe yake da uwar dutsen ba, kada ka dogara da bakinsa. Kada kuma a zura hannu cikin tsagar da ido bai ga ƙarshenta ba, don maciji da kunama na son inuwarta.

Takalmi kambas mai tafin roba da zane mai zurfi. Silifa da sau-ciki na fata a bar su a mota. Babbar riga da dogon mayafi suna kama iska, suna kuma rufe wa mutum ganin ƙafarsa. Wando mai sauƙi da riga mara nauyi sun fi, mata kuma ƙaramin hijabi da doguwar riga da ba ta jan ƙasa.

A ganina lokacin da ya fi shi ne Nuwamba zuwa farkon Disamba: ruwa ya ɗauke, kurmi na nan kore shar, hazo bai riga ya rufe gari ba. A tsakiyar hunturu dutsen a bushe yake amma ba a hango nesa. Da damina kuwa hadari kan haɗu da rana tsaka ko la'asar, kuma mutum a tsaye kan fa tsirara shi ne abu mafi tsawo a wurin. Da jin rugugin farko a sauka, kada a fake gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai.

Yawancin faɗuwa a saukowa ake yin ta, lokacin da ƙafa ta gaji, hankali ya koma gida. Tsoro na sa mutum ya jingina baya, sai nauyinsa ya koma kan dunduniya, takalmi ya zame gaba. A ɗan lanƙwasa gwiwa, a shimfiɗa tafin ƙafa gaba ɗaya, a yi gajerun taki a karkace. Inda gangaren ya yi tsanani a zauna a sauka da mazaunai, wando kawai zai sha wuya. Wanda ya fara hawa ƙarfe 7 na safe, ya zaga tsohon gari a tsanake, ya kamata 12 ta same shi a kan matakala yana saukowa, kafin fa ya ɗau zafin da tafin hannu ba ya iya dafawa.