Mako Guda da Ido Ɗaya a Shagon Ɗinki

Ni tela ne a birnin Katsina, kuma na daɗe ina zura zare a kafar allura ba tare da na taɓa tunanin yadda hannuna yake gane wurin ba. Bara da hunturu wani tsinke ya soke ni a idon hagu, likita ya wanke, ya rufe shi da auduga da filasta, ya ce in bar shi haka mako guda.

Washegari na hau keke kamar kullum. Idon dama garau yake, ina ganin kafar allurar sarai, amma duk sanda na kai bakin zaren sai ya wuce ta gabanta ko ta bayanta. Da na zo tsiyaya shayi, a gefen kofin ya zuba. Na tsorata ƙwarai, har na koma asibiti tun ranar ba ta yi ba.

Likitan ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka, ido ɗaya ba ya awon nisa kamar biyu." Tsakanin ƙwayar idon dama da ta hagu akwai kimanin santimita 6, saboda haka kowanne yana hango abu daga nasa gefen, ƙwaƙwalwa kuma ta haɗa hotunan biyu, daga ɗan bambancin da ke tsakaninsu ta gane abin da ke kusa da wanda ke baya. Wani masani ɗan Ingila, Charles Wheatstone, ya nuna haka a 1838 da na'ura mai madubai biyu, wadda ke nuna wa kowane ido zanensa daban, sai mai kallo ya ga abu guda mai tudu da zurfi.

A kwana na huɗu na gano cewa idan na ɗan kaɗa kaina dama da hagu, zaren yakan shiga, domin abin da ke kusa ya fi saurin gotawa. Bayan an cire filastar na tsaya ina fuskantar Hasumiyar Gobarau, na miƙa babban yatsa, ina rufe ido ɗaya ina buɗe ɗaya. Yatsan ya riƙa tsalle, hasumiyar tana nan daram. A nan na fahimci dalilin da ya sa tafiya a titi ba ta gagare ni ba, aikin kusa ne ya gagara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yara masu harara-garke, waɗanda muke cewa za su gyaru idan sun girma. Wasu masana biyu, David Hubel da Torsten Wiesel, da suka sami kyautar Nobel a 1981, sun rufe wa 'ya'yan kyanwa ido ɗaya tun suna ƙanana, suka tarar ƙwaƙwalwa ta daina karɓar saƙo daga idon ko bayan an buɗe shi. 'Yar ƙanena tana da shekara uku, idonta na dama yana karkata ciki. Na matsa wa mahaifinta har muka kai ta asibiti, yanzu tana sa tabarau, ana kuma rufe mata lafiyayyen idon na wasu sa'o'i kowace rana domin ɗayan ya koyi aiki.